Bita Kan ClinicalTrials.gov: Me Take Yi wa Mai Neman Gwajin Magani a Asibitin Koyarwa?

Duk wanda yake jinyar mai ciwon da ake zama da shi shekara da shekaru, irin su sikila, farfaɗiya ko ciwon daji, ya san yadda labarin sabon magani yake yawo a kan bencin jiran likita. Wannan ya ce ya ji an kawo wata allura daga Amurka, waccan ta ce ana rubuta sunayen yara a asibitin koyarwa kuma komai kyauta ne, amma da zarar an tambayi sunan maganin, ko wanda ya ɗauki nauyin aikin, ko ranar da za a fara, sai zance ya koma "an ce". Akwai wurin da aka tanada domin amsa irin waɗannan tambayoyi, wato ClinicalTrials.gov, rajistar gwaje-gwajen magani mafi girma a duniya. Na daɗe ina amfani da ita saboda muna da masu sikila a dangi, kuma ni ake turo wa irin waɗannan labarai a waya domin in tantance. Abin da zan auna a nan shi ne ko rajistar tana biya wa mutum buƙata idan yana son sanin gwaje-gwajen da za a fara nan gaba a asibitocin jami'o'i, musamman waɗanda zai iya zuwa da ƙafarsa.

Babban ɗakin karatu na harkokin lafiya na Amurka ne yake gudanar da rajistar, a ƙarƙashin cibiyoyin binciken lafiya na ƙasar da ake kira NIH. An buɗe ta a watan Fabrairun 2000, bisa wata doka ta 1997, kuma a farko gwaje-gwajen cututtuka masu tsanani ne kaɗai aka wajabta a saka. Abubuwa biyu ne suka cika ta. Na farko, tun daga 2005 editocin manyan mujallun likitanci suka daina buga sakamakon gwajin da ba a yi wa rajista ba kafin a ɗauki majinyaci na farko, wanda hakan ya sa duk malamin jami'ar da yake son aikinsa ya fito a mujalla mai daraja ya zama dole ya bayyana shi tun kafin ya fara. Na biyu, wata doka ta 2007 ta faɗaɗa wajibcin, ta kuma ƙara da cewa a riƙa saka sakamako. Yau akwai bincike fiye da 500,000 a cikinta daga ƙasashe sama da 200, har da na asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Ibadan da Legas.

Shiga kyauta ce, ba a buɗe asusu, ba a neman lambar waya, kuma babu talla. Sabon fasalin da aka fito da shi a 2023 yana zama daidai a fuskar waya, abin da tsohon bai iya ba. A shafin farko akwai gurbin rubuta sunan ciwo, da na sunan magani, da na wuri. Idan mutum ya rubuta sunan sikila da Turanci, ya saka Kano a gurbin wuri, sai jerin bincike ya fito, kowanne da matsayinsa a rubuce. Wanda yake neman abin da ke tafe sai ya zaɓi "Not yet recruiting", wato waɗanda aka yi wa rajista amma ba su fara ɗaukar mutane ba, ya haɗa da "Recruiting", waɗanda suke ɗauka a yanzu. Wannan ɓangare ba shi da wahala, kuma duk wanda ya iya neman abu a intanet zai iya shi cikin 'yan mintuna.

Da an buɗe bincike guda, abin da ido yake fara gani shi ne lambarsa, haruffan NCT da alƙaluma takwas a bayansu. Ƙarƙashinta akwai sunan hukumar da ta ɗauki nauyi, da taƙaitaccen bayani, da ranar farawa, da adadin mutanen da ake son ɗauka, da matakin gwajin. Matakin yana da muhimmanci ƙwarai. A mataki na ɗaya mutane kaɗan ake ɗauka, galibi gommai, domin a ga ko jiki yana jure maganin da kuma adadin da ya dace, saboda haka ba wurin neman waraka ba ne. A mataki na biyu ake fara duba ko yana aiki, a na uku kuma ake gwada shi da maganin da aka saba bayarwa a kan ɗaruruwa ko dubbai. Can ƙasa akwai sharuɗɗan shiga, kuma a ganina nan ne ya kamata mai karatu ya fara sauka, domin layi ɗaya da ya ce daga shekara 5 zuwa 12, ko ban da wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, yana iya hutar da iyali daga tafiyar da ba ta da amfani. Haka kuma ba duk abin da ke cikin jerin ne gwajin magani ba. Wasu binciken bibiya ne kawai, ana auna majinyata ana rubutawa ba tare da an ba su wani sabon abu ba, kuma rajistar tana bambanta su a fili.

Babban alherin wannan rajista, a wurina, shi ne ta sa ƙarya da ɓoye-ɓoye sun yi wuya. Kowane bincike yana da tarihin gyare-gyarensa, inda ake ganin abin da aka rubuta a ranar farko da duk wani sauyi da aka yi daga baya, da kwanan watansa. Idan masu bincike sun ce za su auna yawan shanyewar ɓarin jiki, daga baya suka koma auna wani abu dabam da ya fi yi musu daɗi, sawun yana nan. Mutumin Kano ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan darajar wannan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa, wanda aka fi sani da Asibitin Zana, aka ba rabinsu sabon maganin, rabi kuma wanda aka saba. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da nakasa. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce ciwon ne ya yi kisa ba maganin ba, aka yi ta shari'a har zuwa 2009 da aka yi sulhu da gwamnatin jihar kan dala miliyan 75. Tabon abin ya kai har ga ƙauracewa rigakafin shan inna da aka yi a 2003. A wancan lokaci babu inda uba ko ɗan jarida zai duba ya ga sunan gwajin, da mai shi, da abin da aka yi alkawarin aunawa. Yau akwai, kuma duk wanda ya zo da maganar gwaji ana iya tambayarsa lambar rajista a duba a gabansa.

Rajistar tana kuma nuna cewa ba kullum mu ne ake zuwa a gwada wa abin wasu ba. Misalin da na fi sani shi ne gwajin SPRING, wanda likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala a Kano da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna suka yi tare da cibiyar lafiya ta Jami'ar Vanderbilt da ke Amurka. Tambayar da suka ɗauko tamu ce. An daɗe da sanin cewa kusan ɗaya cikin goma na yara masu sikila suna gamuwa da shanyewar ɓarin jiki kafin su cika shekara 20 idan ba a ɗauki mataki ba, kuma ana iya gano waɗanda suke cikin haɗari ta hanyar auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa da wata na'ura da ake ɗorawa a gefen kai. A ƙasashen masu hali ƙarin jini ake yi wa irin waɗannan yara kusan kowane wata, abin da iyali a Kano ba za su iya ɗorewa a kai ba, ko don tsada ko don ƙarancin jinin. Sai aka ɗauki yara 220 masu shekara 5 zuwa 12, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi suna shan maganin sikila na hydroxyurea miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, rabi kuma miligiram 20. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna babu wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin ɓangarorin biyu wajen hana shanyewar jiki, ko da yake masu shan adadi mafi yawa sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. Ga iyalin da suke sayen maganin da kuɗinsu, a ƙasar da ake haifar yara masu sikila kimanin 150,000 kowace shekara, wannan ba ƙaramin sani ba ne.

Amma a daidai abin da na zo dubawa, wato gwaje-gwajen da ke tafe, nan ne rajistar ta fi rauni. Ranar farawa da ake rubutawa hasashe ce, kuma masu binciken ne suke rubuta ta da kansu. Gwaji yana iya zama a matsayin wanda bai fara ɗaukar mutane ba alhali ranar da aka sa masa ta wuce da watanni, saboda kuɗi bai iso ba, ko ana jiran izinin hukuma, ko kuma an fara tuni amma ba wanda ya koma ya sabunta bayanin. Idan aka shekara biyu ba a tabbatar da matsayin gwajin da ya kamata a ce ya ƙare ba, rajistar tana mayar da shi wanda ba a san halin da yake ciki ba, kuma irin waɗannan ba su da wuyar gamuwa. Shawarata ita ce a riƙa duba ranar da aka yi sabuntawa ta ƙarshe kafin a ɗauki ranar farawa da muhimmanci. Manyan gwaje-gwajen da ake yi a ƙasashe da yawa kuma sukan fara bayyana da sunan asibiti ɗaya ko biyu na ƙasar mai ɗaukar nauyi, sai daga baya a ƙara sauran, saboda haka rashin ganin sunan garinka ba hujja ba ce cewa ba za a yi a can ba.

Maganar tuntuɓa ma da sauranta. Ana saka suna da waya ko imel na wanda za a nema muddin gwajin yana ɗaukar mutane ko yana shirin farawa, amma sau da yawa mutumin yana wata nahiya, kuma shi jami'in tsare-tsare ne da bai san wace rana ake ganin masu sikila a asibitin da ke kusa da kai ba. Na taɓa aika saƙo game da wani gwaji da aka lissafa wani asibitin koyarwa na ƙasar nan a cikinsa, shiru ba amsa, har sai da na je asibitin na tarar da ma'aikaciyar jinyar da take riƙe da littafin sunaye, ta yi mini bayanin komai a tsaye cikin ɗan lokaci, ta kuma gaya mini cewa yaran da suke da kati a wurinsu ne kaɗai ake tantancewa.

Wannan amsa tata ita ce gaskiyar da rajistar ba ta faɗi ƙarara. Ba a neman shiga gwaji kamar yadda ake neman aiki. Yaran da suka shiga SPRING an same su ne ta hanyar awon da aka yi musu a asibitin da suke zuwa, ba don iyayensu sun ga sanarwa a intanet ba. Wasu gwaje-gwajen ma ba mutum ake zaɓa ba, asibiti ake zaɓa. Haka aka yi a gwajin E-MOTIVE kan zubar jini bayan haihuwa, wanda Jami'ar Birmingham ta Ingila ta jagoranta, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero kuma tana cikin manyan masu aikin. An raba asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu gida biyu, wasu suka ci gaba da yadda suka saba, wasu kuma suka riƙa shimfiɗa wata leda mai ma'auni da take tara jinin domin a gane haɗari da wuri, sannan a haɗa matakan magani a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya. Mata fiye da 200,000 ne suka haihu a cikin wannan aiki, kuma sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna munanan abubuwan da ake aunawa, wato zubar jini mai tsanani da tiyata da mutuwa saboda jinin, sun ragu da kashi 60 cikin ɗari. Babu ko mace ɗaya da ta cika fom ta nemi shiga. Saboda haka wanda ya ga gwajin da ya dace da majinyacinsa, abin yi shi ne ya rubuta lambar ya kai wa likitan da yake duba su.

Turanci ma katanga ne, kuma ba Turancin yau da kullum ba. Duk bayanan da harshen likitoci aka rubuta su, har taƙaitaccen bayanin da aka ce an yi shi domin jama'a. Wata 'yar uwa ta taɓa miƙo mini wayarta da hoton wani gwaji da aka turo mata, ta ce, "Yaya, duba mini, an ce idan an sa yaro a wannan ya rabu da ciwon ke nan." Da na karanta sai na ga gwajin mataki na farko ne, na manya ne, kuma a Amurka ake yin sa. Na ce mata, "Hajiya, wannan ba na yara ba ne, kuma su kansu masu yin sa ba su san ko yana aiki ba tukuna." Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni me ya sa gwamnatin Amurka za ta saka shi a shafinta idan ba ta tabbatar da shi ba.

Tambayar tata tana da nauyi, kuma amsarta tana rubuce a shafin kansa, sai dai ba kowa ne yake tsayawa ya karanta ba: gwamnatin Amurka ba ta duba inganci ko rashin haɗarin duk binciken da aka saka ba. Ma'aikatan rajistar suna duba ko an cika gurabe daidai kuma bayanin ba ya karo da juna, amma ba su ne suke ba da izini ba. Rajista kamar lambar mota ce, tana nuna mai ita, ba ta nuna ko birki yana ci. A 2017 wata babbar mujallar likitanci ta ba da rahoton wasu mata uku tsofaffi da suka rasa gani ko suka kusa rasa shi bayan an yi musu allurar ƙwayoyin halitta a ido a wani asibitin kuɗi da ke jihar Florida, kowacce ta biya dala 5,000, kuma ganin sunan wurin a wannan rajista yana cikin abin da ya jawo hankali zuwa gare shi. Duk gwajin da aka ce majinyaci ya biya kuɗi mai yawa kafin ya shiga abin tuhuma ne, ko da yana da lamba. A Najeriya izini na gaskiya yana hannun NAFDAC da kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin, wanda yake aiki a ƙarƙashin kwamiti na ƙasa da ƙa'idojin da aka fitar a 2007, kuma majinyaci yana da haƙƙin tambaya ko an samu waɗannan izini.

Akwai abubuwan da iyaye suka fi damuwa da su waɗanda da wuya a same su a rajistar. Ba kasafai take faɗin ko za a biya kuɗin mota ba, ko sau nawa za a ɗebi jinin yaro, ko wa zai ɗauki nauyin jinya idan maganin ya yi illa, ko za a ci gaba da ba da shi bayan an rufe gwajin. Waɗannan suna cikin takardar amincewa, wadda ya wajaba a karanta wa mutum ita da harshen da yake ji, a ba shi kwafi, a kuma gaya masa cewa yana iya janyewa kowane lokaci ba tare da an daina duba shi a asibitin ba. Shiga gwaji ba alkawarin samun sauƙi ba ne. Ko maganin da ya riga ya shiga kasuwa yana iya komawa baya, kamar yadda aka janye voxelotor na sikila daga kasuwannin duniya a watan Satumban 2024, aka kuma dakatar da gwaje-gwajensa, bayan an lura da alamun haɗari a bayanan da aka tara.

Ɓangaren sakamako kuma cike yake da gurabe. Dokar Amurka ta ce gwaje-gwajen da ta shafa su saka sakamakonsu cikin shekara guda da kammalawa, amma wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya gano kashi 41 cikin ɗari ne kawai suka cika wannan wa'adi, kuma jami'o'i da sauran cibiyoyin da ba na kasuwanci ba sun fi kamfanonin magani saɓawa. Gwaje-gwajen da dokar ba ta shafa ba, waɗanda da yawa daga cikin namu suke ciki, sau da yawa babu mai tilasta musu. Inda aka saka sakamakon ma jadawalin alƙaluma ne zalla ba tare da sharhi ba, wanda sai mai ilimin ƙididdiga ne zai fitar da ma'ana daga cikinsa.

Ba kuma ita kaɗai ce rajista ba. Akwai ta nahiyar Afirka, PACTR, wadda hukumar binciken lafiya ta Afirka ta Kudu take riƙe da ita, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince da ita tun 2009. Malaman jami'o'inmu da likitocin da suke neman ƙwarewa sukan yi wa ƙananan gwaje-gwajensu rajista a can, saboda haka wanda ya tsaya a ta Amurka zai rasa wani kaso na abin da ake yi a asibitin da ke unguwarsu. Fasalinta bai kai na ClinicalTrials.gov sauƙi a waya ba, amma ta fi kusa da gida. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da nata mashigin da yake tattaro rajistoci da yawa wuri guda, kuma shi ya fi dacewa idan ana son a tabbatar ko an yi wa wani gwaji rajista a ko'ina.

Likita, ɗalibin likitanci, ɗan jarida da shugabannin ƙungiyoyin masu sikila za su ci moriyar wannan rajista sosai, kuma ina ba su shawarar su saba da ita. Uwar da take zaune a benci da yaro a cinya ba za ta amfana da ita kai tsaye ba sai ta hannun wani, kuma gyaran wannan ba a Amurka yake ba. Asibitocin koyarwa ne suka san gwajin da za su fara da ainihin lokacinsa, kuma ba zai ci musu komai ba su liƙa takarda guda da Hausa, da boko da ajami, a ƙofar kowane sashe, mai ɗauke da sunan gwajin, da lambar rajistarsa, da shekarun waɗanda ake nema, da lambar izinin kwamitin ɗa'a, da ɗakin da za a je a yi tambaya da ranakun da ake samun mutum a cikinsa.